Azumin da Aka Bar Kaina a Tsefe

Wata 'yar maƙwabtanmu ce ta tayar mini da wannan tsohon zance. Ta shigo da hantsi ina tsintar shinkafa, waya a hannu, fuskarta sai sheƙi take kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Aurenta ya mutu bara, ita da tsohon mijin suna ta jan rigimar riƙon ɗa a kotu. Ta ce, "Hajiya, kalli abin da zan nuna wa alƙali." Na kalla, bidiyo ne. Ɗanta ne, yaron da ko famfara bai fara ba, yana tsaye jikin bango yana cewa ba ya son ubansa, ubansa mugu ne. Yana faɗa yana satar kallon gefe, inda ake ba shi maganar ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye faifan na ce ta kashe abin nan kafin in jefa shi cikin randa. Ta fita tana gunaguni, wai tsofaffi ba su san zamani ba. Ni ce ban san zamani ba? Wannan karatun an biya mini shi tun ba a haifi uwarta ba. Bambancin kawai shi ne mu a lokacinmu akwai manya a gari.

A unguwar Abbaganaram na tashi, lokacin da birninmu Yerwa take gari mai kunne, abin da aka faɗa a wannan lungu kafin azahar ya kai wancan. Ba agogo ke tashinmu ba. Muryar ladan ce tsirararta, babu lasifika, sai kuma tabarya ta amsa daga gida zuwa gida, luguden wannan ya shiga cikin na waccan, har kana iya gane matar da ta makara. Daga nan sai masu ruwa da garewaninsu, sai jakunan itace, sai hayaƙin turaren wuta ya taso ta saman katanga ya gauraya da ƙamshin kunun gyaɗa. Aikina na safe sharar ganyen dalbejiya ne, wanda ba ya ƙarewa, ka share nan ya zubo can. In rana ta yi in ɗauki akushin burabusko in kai wa Baba kasuwa. Yanzu da asuba abin da nake ji janareto ne da hon ɗin keke mai ƙafa uku, kuma maƙwabcinka sai ya yi wata a asibiti ba ka sani ba.

Amma abin da na fi kewa shi ne ranar kitso. 'Yan yanzu ba su san kitso ba, sun san shago. Yarinya ta zauna a kujera gaban madubi, wata da ba ta san sunanta ba tana ja mata kai tana kallon waya, a ƙara mata gashin kanti, ta biya ta tashi. Mu kuwa a tabarma ake yi, ki kwantar da kanki a cinyar uwarki, ga man shanu a 'yar ƙwarya, ga tsinke, ga rabin yini a gabanku. A nan ake gaya wa yarinya wane ne kakanta, wace ce ba a gaisarwa a tsaye, me ake yi in baƙo ya shigo ana cin abinci. A nan ake yi miki faɗa, a nan ake lallashinki, in kin motsa a ɗan ƙwanƙwashe ki da bayan tsinke. Kuma kowace mace da hannunta. Irin kitsonmu na 'yan matan Barebari iri ɗaya ne a ido, amma tsofaffi suna ganin tsagar za su ce wannan hannun wance ne. Tsagar mahaifiyata kuwa duk unguwa an san ta, miƙaƙƙiya siririya kamar an ja zare.

Baba mai sayar da huluna ne a Kasuwar Kwastam. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin haƙƙin kowa, amma zuciyarsa a kusa take, kuma in ya furta magana ko za a yanka shi ba ya janyewa. Abin da ya raba shi da mahaifiyata bai taka kara ya karya ba. Ta tafi unguwar Gamboru, can wani gefen gari, jinyar tsohuwarta, ciwo ya yi tsanani, ta wuce kwanakin da ya ba ta, ya aika ta dawo, ta ce a ƙara mata haƙuri. Shi ke nan sai saki. Maganar riƙona ta kai gaban alƙali, daga baya dattawa suka karɓo ta suka sasanta a zaure: in zauna a gidan Baba a hannun Kaka, wato mahaifiyarsa, uwata kuma ta riƙa zuwa ganina, ni ma a riƙa kai ni. Zuwanta na farko suka yi kiciɓis da Baba a ƙofar gida, magana ta jawo magana, ya rantse da Allah cewa ba za ta sake taka masa gida ba, ni ma ƙafata ba za ta taka Gamboru ba.

Hana ganin ba shi ne abin da ya fi muni ba. Abin da aka riƙa zuba mini a kunne ne. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta karɓi kitsona, kuma ita ta karɓi wannan aiki. Ba muguwa ba ce, Allah ya jiƙanta, son ɗan'uwanta ne ya rufe mata ido. Kaina na cinyarta za ta fara: wai uwar kirki ba ta barin 'yarta ta tafi, wai da tana sona da ta dawo ranar da aka aika, wai ko tambayata ba ta yi. Sunanta ya ɓace daga gidan, sai dai a ce "waccan matar". In na yi laifi a ce halin waccan matar ne. In na yi abin kirki a ce jinin ubana ne. Sai da na girma na ji cewa duk Juma'a uwata tana aiko mini da alewa da 'yar tsarabar da ta samu, a ƙofa ake mayar da ɗan aiken. Baba ba ya cewa komai a kanta, amma yana ji ana faɗa bai taɓa hanawa ba. Yaro kuwa ƙwarya ce, abin da aka zuba shi take riƙewa. Kafin shekara ta zagayo na daina kukanta, na koma jin haushinta, har ina jin daɗin jin haushin.

Kaka tsohuwa ce 'yar ƙarama, ga baki ja da goro, ga carbi ba ya barin hannunta. Hausarta a karye take, rabi Barbarci, amma in ta yi magana ba mai neman a maimaita. Tana ta lura da ni, har ranar da wata baƙuwa ta zo gaishe ta ana saura kaɗan a kama azumi. Baƙuwar ta shafa kaina ta tambayi 'yar wace ce wannan kyakkyawa. Ni kuwa da bakina, ina murmushi, na ce ni ba ni da uwa. Baƙuwar ta fara yi mini addu'ar marayu. Na ga carbin Kaka ya tsaya cak. Ta raka baƙuwarta har zaure, ta dawo ta zauna, ta kira ni ta ce in kawo kaina. Kitson Gwaggo ne sabo fil, ko kwana biyu bai yi ba. Ta tsefe shi tas, ta taje, ta shafa mai, sannan ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Kan nan yana da mai shi. Ba wadda za ta sake kitsa shi sai wadda ta haife shi."

Gwaggo ta buɗe baki, Kaka ta ce in ta kuskura ta sa tsinke a kaina ba ta yafe mata nonon da ta sha ba. Da la'asar ta yafa lafayarta ta ɗauki sanda ta bi unguwa gida-gida. Ban san abin da ta gaya musu ba. Na dai san ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma daga ranar duk matan Abbaganaram suka zama ba su iya kitso ba.

Wayyo, na sha wuya a azumin nan! Gashina mai yawa ne, in aka bar shi sai ya tashi buzu-buzu kamar sheƙar tsuntsu, ɗankwali ba ya iya rufe shi. Kaka tana wankewa tana tajewa, ko ƙwarƙwata ɗaya ba ta bari ta shiga ba, amma kitso a'a. Yara suka sa mini waƙa. In na kai wa Baba kunun buɗa-baki kasuwa, maƙwabtan rumfarsa su yi ta kallona suna kallonsa. A wancan zamani yarinya ta yi yawo da kai a tsefe abu biyu yake nufi, ko gidansu ana zaman makoki, ko gidansu babu mata masu mutunci. Na yi kuka, na yi birgima, na ce wa Kaka na tsane ta. Ta ce, "Tsane ni, mummuna, ni na kusa kabari. Uwarki ce ba za ki tsana ba ina da rai." Ta miƙo mini dabino ta ci gaba da jan carbinta.

Baba ya ɗauka rigimar tsofaffi ce, za ta wuce. Da ya ga azumi ya raba tsakiya ba ta wuce ba, sai ya aika wa makitsiyar unguwa da goro da turmin atamfa. Ta mayar, ta ce a gaya masa hannunta na ciwo. Ya aika wa wata, aka ce ta tafi ƙauye, alhali muna jin lugudenta ta katanga. Ya je wurin liman, liman ya ce shi ilimin kitso bai karanta ba. Ga kayan Sallah ya ɗinka mini, ga 'yan kunne, ga takalmi, duk suna cikin adaka, ba kan da za a ɗora su a kai. Yanzu da kuɗinka ba abin da ba za a yi maka ba, ko uwa kake so a shago za a ba ka haya. A lokacin kuwa akwai abin da mata in suka haɗa baki a kansa, attajiri da sarki duk sai su haƙura. Ina faɗar wannan da alfahari, domin matan nan ba su yi boko ba, ba su san ƙofar kotu ba, amma sun san abin da ake yi wa yaro da abin da ba a yi masa.

Dabararsa ta ƙarshe ita ce ya fita daga unguwa gaba ɗaya. Kusa da rumfarsa akwai wani ɗan kabilar Ibo mai shagon kwanuka, sun daɗe suna mutunci, in ɗaya zai fita ɗaya ke duba masa kaya. Matarsa tana yi wa 'ya'yanta kitson zare irin nasu. Baba ya kama hannuna ya kai ni bayan shagon, ya ce ta taimaka ta yi mini ko wane iri ne, Sallah ta matso. Kaka ba ta taɓa zuwa wurin matar nan ba, ba ta ma san da ita ba. Matar ta zaunar da ni, ta cire ɗankwalin, ta sa yatsu cikin gashina tana yabawa. Sannan ta ɗago ta yi wa Baba ta'aziyya, ta tambayi yaushe uwar ta rasu. Baba ya ce ba ta rasu ba. Ta tambaya ko tana wani gari mai nisa. Ya ce tana nan Gamboru. Matar ta cire hannunta daga kaina a hankali, ta mayar mini da ɗankwalina ta ɗaura.

"Alhaji, uwarta na Gamboru, ka kawo mini kanta? Ni ma ina da 'ya'ya mata. Ba zan so a yi mini haka ba."

Baba ya kama hannuna muka dawo gida. Da aka sha ruwa ya shiga ɗakin Kaka ya durƙusa, ni ina bakin ƙofa ba wanda ya kore ni. Ya ce ta tozarta shi a gari, har baƙi sun ji. Ta ce shi ya tozarta kansa ranar da 'yarsa ta ce ba ta da uwa. Ta tuna masa cewa shi ma ubansa ya taɓa yi mata abin da ya fi wannan, amma ko sau ɗaya ya taɓa jin ta zage shi a gabansa? Ta ce matarka ce ka saka, wannan tsakaninku ne, harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma yarinyar nan rabinta waccan matar ce, in ka koya mata ƙin uwarta ka koya mata ƙin rabin jikinta, kuma ranar da ta gane, kai za ta juyo wa. Baba ya ce to rantsuwarsa fa? Kaka ta ce Allahn da ya rantse da shi ai shi ya ajiye kaffara, ya je ya ciyar da miskinai ya huta. Ya miƙe. Da ya fito bai kalle ni ba, sai ya ce wa Gwaggo gobe a ɗora babbar tukunya.

Ranar jajiberin Sallah da sassafe Kaka ta kama hannuna muka nufi Gamboru a ƙafa. Kada wani ya ɗauka ina murna. Ina tafe ina turjewa, cikina cike da maganganun da na tanada. An gaya mini in na je uwata za ta zagi Baba, za ta ce in gudu in bar shi, na kuma shirya amsar da zan ba ta. Muka shiga wani ɗan gida mai katangar zana. Uwata na tsugune tana wanke-wanke, ta rame, ta yi duhu. Da ta gan mu kwanon ya suɓuce mata. Ba ta rungume ni ba, ta ga yadda na ƙame. Ta durƙusa ta gaida Kaka da Barbarci, gaisuwa mai tsawo. Kaka ta zare ɗankwalina kawai ta ce, "Ga aikinki nan ya taru." Ta samu inuwa ta zauna ta juya mana baya.

Aka shimfiɗa tabarma. Na kwantar da kaina a cinyarta kamar an ɗora dutse. Sai ƙamshin zanenta ya shige mini hanci, turaren da take haɗawa da kanta, wanda na ɗauka na manta. Tsinke ya bi tsakiyar kaina, sannu, ba zafi. Ina jira ta fara zagin. Ta tambaya ko ina zuwa makarantar allo, na ce e. Ta tambaya ko ni nake kai wa Baba abinci, na ce e. Ta tambaya ko har yanzu yana tarin nan nasa in ya sha ruwan randa da asuba, ta ce in riƙa tuna wa Gwaggo ta ɗan ɗumama masa. Ina jin wani abu ɗumi yana ɗiga a bayan wuyana, na san ba man shanu ba ne. Da na ga zagin ba zai zo ba, sai na rasa inda zan sa maganganuna, guda ɗaya ce ta fito. Na ce me ya sa ta yar da ni.

Hannunta ya tsaya. Ga dama ta samu, ga gaskiya a bakinta, ga ɗan aiken da ake korowa duk Juma'a, da ta faɗa da na koma gida ina ƙin ubana kamar yadda na zo ina ƙinta. Ta ce, "Ban yar da ke ba, ga ki a cinyata. Manya ne suka yi faɗa, ba ruwanki a ciki. Ubanki mutumin kirki ne, yana sonki, ni ma ina sonki. Daina motsi kar tsagar ta karkace." A nan na fashe da kuka, irin kukan da na yi shekara ban yi ba, ta bar ni na yi har na gaji, sannan ta ci gaba da kitsonta. Duk abin da na zama a duniya, a tabarmar nan na koye shi. Na yi aure na haifa, na ga mutuwar aure a cikin 'ya'yana da jikokina, kuma ba gidan da na bari aka zagi uwa ko uba a kunnen yaro ina zaune.

Da la'asar sakaliya muka dawo. Tun daga bakin lungu mata ke leƙowa, wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ce lale da hannun da muka sani. Baba na zaune a kan dakali ƙarƙashin dalbejiya, ya dawo daga kasuwa da wuri, abin da ba ya yi a jajiberi. Ya kira ni. Ya juya kaina dama, ya juya hagu, ya daɗe yana kallon tsagar nan. Sannan ya yi ƙasa da murya ya tambayi me ta ce a kansa. Na gaya masa gaskiya: ta ce shi mutumin kirki ne, kuma a riƙa ɗumama masa ruwa da asuba saboda tari. Ya kawar da kai ya kalli katanga. Baba ba mutumin da zai ce ya yi kuskure ba ne, har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya faɗa ba. Sai ya yi gyaran murya ya tambayi Kaka irin wannan kitso yana kai yaushe kafin ya tsufa. Kaka ta ce hannun gwana ne, in an kula da shi sai ya yi wata.

"Wata?" in ji Baba. "Yarinyar da ke wasa cikin ƙasa? Ni ba na son ƙazanta. Duk Juma'a a tsefe shi a kai ta a sake."